Keke: ci gaba ne ko komawa baya?

Malamin Firamare: Salamu alaikum. Ga shawarar da aka yanke jiya bayan Isha'i a ƙofar gidan Mai Unguwa. Za mu kafa ƙungiyar masu keke. Kowa zai riƙa zuba naira 500 ranar Lahadi in an dawo daga kasuwar Gujungu, a tattaro tsofaffin kekunan da ke jingine a zaure a gyara, a ba yaran da ke zuwa sakandare aro.

Ɗan Acaɓa: Allah gafarta Malam, ni fa ban ga hikimar ba. Keke a wannan zamani komawa baya ne. Mutane na maganar mota mai lantarki, mu kuma za mu tono Raleigh ɗin kakanninmu? Ku tara kuɗin a sayi babur ɗaya ya riƙa jigilar yaran.

Malamin Firamare: Da wane man? Kafin 29 ga Mayun 2023 farashin lita na gwamnati bai kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Kai da kanka sau nawa ka ƙara kuɗin goyo?

Ɗan Acaɓa: Na ƙara, ban musa ba. Amma ku tuna Ojo Maduekwe. Yana ministan sufuri ya ce kowa ya hau keke, a 2001 yana kan kekensa bas ta hankaɗa shi kwata a Abuja.

Uwar Biyu: Haba ƙanena, Abuja daban, hanyar makarantarmu daban. Wace bas ce ke bin ta? Amalanke ce da awaki. 'Yata tana fita ana sallame Asuba, da ɗumamen tuwo a leda, tana isa an riga an kulle ƙofa ana bulalar latti. Ta dawo da La'asar ƙafa furu-furu, ko littafi ba ta iya buɗewa. Ni da za a ba ta keke gobe, sai na yi guɗa.

Baba Liman: Yarinya budurwa a kan keke? A bi a hankali dai, Hajiya. Bakin mutane.

Uwar Biyu: Baba, da girman kujerarka, amma wanne ya fi? Ta tuƙa kanta cikin hijabinta tare da ƙawayenta, ko a goya ta a bayan saurayin da ba muharraminta ba?

Baba Liman: To, wannan kuma magana ce. Amma su riƙa tafiya a ayari.

Mai Faci: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Keke ba ya jin kunya, ba ya shan mai, amma yana da abokan gaba biyu a ƙasar nan: yashi da tsidau. Daga bakin rijiya zuwa tsamiyar nan, da rani taya nutsewa take, sai dai a sauka a tura. Tsidau kuwa, jiya na zare ƙaya shida daga taya ɗaya. Na tsoma tif ɗin a kwanon ruwa, kumfa ta ko'ina kamar garin danwake a tukunya. Faci a kan faci har babu wurin manna wani. Kekunan da kuke cewa na zaure, me ya jingine su? Ba tsufa ba ne. Phoenix da Raleigh ƙarfe ne na gaske, sarƙa ce ta tsinke ko birki ya cinye, mai shi ya ce sai an sayar da gyaɗa, shekara ta zagayo.

Ɗan Acaɓa: Ka ji ko! Mai sana'ar ma ya goyi bayana.

Mai Faci: Ban goya ba, Yaya. Cewa na yi in za a yi, a fara da famfo, gam, tif da sifana, a ajiye a makaranta, a koya wa yara uku faci. Kuma a roƙi Mai Unguwa a yi gayya a zuba marmara a wurin yashin nan. In ba haka ba, wata biyu duk sun koma zaure.

Ɗalibin Dutse: Don ƙarin bayani, tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni Ranar Keke ta Duniya. A Holan har firaminista an sha ganin sa yana zuwa ofis a keke.

Ɗan Acaɓa: Holan akwai tsidau?

Malamin Firamare: Kai ma ka san babur ba shi da tabbas. A Janairun 2013 rana ɗaya gwamnatin Kano ta hana acaɓa, da yawa kuka dawo gida. Keke wa ya taɓa hana shi?

Baba Liman: Ni tambayata ɗaya. Kuɗin a hannun wa za su zauna? Ba mu manta da na takin bara ba.

Uwar Biyu: A ba mata. Adashenmu shekara nawa bai taɓa ciwon kai ba.

Ɗan Acaɓa: Ra'ayina yana nan. Amma akwai Phoenix ɗin marigayi babanmu a ɗakin kaji, ba sirdi, ba feda ɗaya. In kuna so ku aiko a ɗauka.

Mai Faci: Ka kawo shi da kanka ranar Asabar. A babur ɗin.