Zagayen tsibiran El Nido da ɗan guzuri: a ina ake rage kashe kuɗi?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni da ƙanina muna shirin zuwa El Nido, garin nan da ke can ƙuryar arewacin tsibirin Palawan a ƙasar Filifin, kuma guzurinmu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne zagayen tsibiran da ke mashigin tekun Bacuit, sai dai mun ga an kasa zagayen kashi huɗu, A, B, C da D, kowanne da kuɗinsa, kuma kowanne yana cinye yini guda. Shin wajibi ne mutum ya yi duka huɗun? Sannan an ba mu shawarar mu je a watan Agusta domin masauki ya fi araha a lokacin. Muna neman ƙarin haske daga waɗanda suka san wurin.

Tsohon Matafiyi:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne ba a wajen jirgin ruwa ake samun rangwame ba, domin farashin zagayen kusan ɗaya ne a duk rumfunan da ke sayar da tikiti, kuma wanda ya ɓata yini yana ciniki a kansu ba zai tsira da abin a zo a gani ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne hanya da masauki. Akwai ƙaramin filin jirgin sama na Lio dab da garin, amma tikitinsa yana da tsada. Masu ƙaramin ƙarfi suna sauka ne a Puerto Princesa, babban birnin Palawan, su hau ƙaramar bas ta yi da su tafiyar sa'a biyar zuwa shida, nisan da ya ɗara kilomita 200. Hanyar tana da kwana-kwana, direbobin kuma ba su san wasa da totur ba, don haka mai saurin tashin zuciya ya nemi kujerar gaba.

Game da masauki, ku duba unguwar Corong-Corong da ke kudu da garin kaɗan. Sau da yawa ɗakunanta sun fi na tsakiyar gari sauƙi, hayaniya ba ta kai ta can ba, kuma keke mai ƙafa uku zai kai ku bakin tashar jiragen cikin 'yan mintuna.

Zagaye huɗu kuwa, a ganina, ɓarnar kuɗi ne ga mai lissafi. A da C sun wadatar. A shi ne ke kai mutum Big Lagoon, wato wani babban tafkin ruwan teku da dogayen duwatsun farar ƙasa suka kewaye, sai tsibirin Shimizu da gaɓar Seven Commandos. C kuma yana zuwa gefen tsibirin Matinloc, inda Secret Beach take, gaɓar da ba a shigarta sai an yi iyo ta wata ƙaramar kafa a jikin dutse. Matuƙan jirgin sukan tsaya a bakin kafar suna duba tashin ruwa, su ba mutum alama ya wuce tsakanin igiya da igiya, kuma idan ruwan ya yi fushi sai su hana shiga gaba ɗaya. Ku tuna cewa kuɗin tikiti ba shi ne ƙarshe ba: akwai harajin kare muhalli da ƙaramar hukuma ke karɓa, akwai kuɗin shiga Big Lagoon, sannan akwai hayar kayak, ɗan kwale-kwalen da ake tuƙawa a cikin tafkin. Ku tambayi mai sayar da tikiti ya faɗa muku abin da ke ciki da abin da ba ya ciki kafin ku miƙa peso ko ɗaya.

Hajiya Uwar Biyu:

Bayanin Malam Tsohon Matafiyi ya gamsar, amma batun Agusta ne ya dame ni. Daga Yuni zuwa Oktoba iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa, wadda mutanen can ke kira habagat, ita ce ke kawo ruwan sama da tashin teku. Jiragen zagayen, da ake kira bangka, na katako ne masu gora a gefe da gefe domin daidaita su, kuma ba sa fita sai dakarun tsaron gaɓar teku sun ba da izini da safe. Idan aka hana fita za a mayar maka da kuɗin tikitinka, amma wa zai mayar maka da kuɗin ɗaki da na abinci na ranar da ka wuni kana kallon ruwan sama ta taga? Zagayen C ne aka fi sokewa, saboda yana fuskantar buɗaɗɗen teku. Lokacin rani, daga Disamba zuwa Mayu, ya fi tabbas, matuƙar an kauce wa Kirsimeti da sabuwar shekara da makon Ista, lokacin da garin ke cika maƙil.

Wani abin lura shi ne abincin rana da ake dafawa a kan jirgi, wanda ke cikin kuɗin tikiti. Akwai shinkafa da gasasshen kifi da kayan marmari, amma galibi ana haɗawa da naman alade, wani lokaci a kan waya ɗaya ake gasa su, don haka ku yi magana tun ranar sayen tikiti. Kada ku sha ruwan famfo. Ku riƙe gorar ruwa mai ɗorewa, domin an hana shiga jirgi da robar da ake sha a yar. Ku kuma ciro isassun kuɗi tun daga Puerto Princesa, saboda na'urorin ATM na garin sukan ƙare ko su tsaya in wuta ta ɗauke.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalar ita ce hutun ƙanina a Agusta ya faɗo, kuma ba mu da ikon sauya shi. Mu fasa ke nan?

Ɗan Bakin Ruwa:

Ba sai kun fasa ba, Malam. Damina a can ba ruwa ne dare da rana ba, ana samun ranakun da gari ke washewa teku ta kwanta. Abin da za ku yi shi ne ku sa zagayen jirgi a farkon zamanku, ku bar kwana biyu a ƙarshe babu wani shiri a cikinsu, ta yadda idan aka soke fita za ku iya matsar da ita gaba. Duk safiyar da aka ce C zai fita, ku bi shi, A ya jira, tunda shi yana cikin mashigi kuma bai cika samun cikas ba. Ranar da aka hana jirage fita kuma ruwan sama ya tsagaita, ku ɗauki hayar babur ku tafi gaɓar Nacpan da ke arewa, mai tsawon kimanin kilomita huɗu, sai dai ku yi hattara da ƙananan ƙudajen yashi masu cizo. Shawarata ta ƙarshe, kada ku haɗa da tsallakawa Coron, wani garin da ke kan wani tsibiri daban, a wannan tafiya, domin jirgin da ke zuwa can ma yanayi na dakatar da shi, kuma kada ku sayi tikitin jirgin sama na komawa Manila, babban birnin ƙasar, wanda zai tashi a ranar da za ku baro El Nido. Ku kwana a Puerto Princesa tukuna.