Abin da masu gyaran littafi a Maradi suka ce wa marubuta

Da aka tattauna kan aikin gyaran rubutu, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a yi ciniki da adadin shafi. Shafi yana kumbura ko ya tsuke gwargwadon girman harafi, don haka a ƙidaya kalmomi. Marubuci ya fara ba da shafi biyar na gwaji, ya ga hannun mai gyara, sannan a rubuta yarjejeniya: rabin kuɗi a farko, sauran ranar miƙa aiki.

Gyaran ma iri-iri ne. A fara da tsarin labari da babi-babi, sannan jimla, daga ƙarshe a bi harafi da waƙafi. Wanda ya fara da waƙafi zai sake aikin idan aka cire babi.

Inda suka fi daɗewa shi ne ƙa'idar rubutu. Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya kuma 'y, ga shi littattafai da yawa Kano ake kai su bugu. A zaɓi ɗaya tun farko, a gaya wa maɗaba'a. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ, ɗ, ƙ, sukan koma akwatuna idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin harafin. Maganinsa a aika PDF da harafin a cikinsa, ba Word ba.

Girman A5, wato rabin takardar A4, da takarda mai giram 80 sun wadatar wa littafin labari. A nemi kwafi ɗaya a karanta shi a takarda kafin a buga sauran. Haƙƙin mallaka kuma, a yi rajistarsa a BNDA, ofishin kare haƙƙin mallaka na Nijar, da ke Yamai.