Wai "bagidaje" zagi ne ko kuwa?

Auta: Salam jama'a, tambaya gare ni. Ƙanwar babarmu ce ta zo ganin likita daga ƙauye, a tasha wani da ba ta taɓa gani ba ya ce ta kawo jakarta ya riƙe mata ta je ta yi alwala, ta miƙa masa har da sa albarka, kuɗin maganin duk suna ciki ƙulle a leda. Allah Ya taimaka mutumin kirki ne. Da ta ba mu labari sai matar yayana ta ce ai Inna bagidajiya ce, wallahi har yanzu maganar na ci min rai. Me kalmar take nufi takamaimai?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Bagidaje shi ne wanda idonsa bai buɗe ba, bai saba shiga mutane ba, gidadanci kenan. Bai kai wawa ko dolo ko gaula zafi ba, don su waɗannan hankalin ne da sauƙi, shi kuwa bagidaje zagayawa ce bai yi ba. Amma gaskiya akwai raini a ciki, ba a faɗa wa babba.

Maman Biyu: Ni dai ban yarda wannan gidadanci ba ne sam. Zuciya ɗaya gare ta. Kakata haka take, ko goro ta saya ba ta ƙirga canji, amma a kawo mata rigimar aure ka ga yadda za ta warware ta, to wannan ce za a ce ba ta da wayo? Mugunta ce ba ta sani ba, shi ya sa ba ta zaton ta ga kowa. Irin su muke ce wa baiwar Allah.

Almajiri: Maman Biyu kin tuna min aya ta 23 a Suratun Nur, inda aka siffanta mata muminai masu kamun kai da "gafilat", malamai suka ce waɗanda alfasha ko a ransu ba ta ɗarsuwa, ga shi dai gafala a wasu wuraren abin zargi ce amma nan yabo ne. Auta ka yi haƙuri, sai dai gaba a riƙa raka Inna tasha.

Auta: Na gode ƙwarai. Jibi za ta koma, ni zan kai ta har cikin mota in sha Allah.