Kare tsofaffi daga haɗarin magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi

Abin da ma'aikatan lafiya suka fi nanatawa shi ne ƙodar tsoho ba ta tace magani da sauri, don haka morfin ko tramadol kan taru a jini ko da an bi ƙa'ida. Kada a haɗa su da giya ko maganin barci irin diyazefam, domin dukansu suna danne numfashi. Mai manna filastar fentanil, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi da ke shiga jiki ta fata, ya cire tsohuwa kafin ya manna sabuwa, kuma kada zafi ya taɓa ta, yana ƙara yawan maganin da ke shiga jiki.

Idan an girgiza tsohon da ke amfani da irin waɗannan magunguna bai farka ba, numfashi ya ja baya, yana minshari, ƙwayar ido ta tsuke, a kira motar asibiti, a fesa masa naloksan, maganin da ke karya ƙarfin waɗannan magunguna, miligiram 4 a hanci ɗaya. In bai farfaɗo cikin minti 2 zuwa 3 ba, a ƙara a ɗaya hancin. A kwantar da shi ta gefe, kuma kada a bar shi shi kaɗai, domin ƙarfin naloksan kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, numfashin ya sake tsayawa.