Gasar rap ta daren Asabar: ihun jama'a ko hukuncin alƙalai?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum 'yan fada. Har yanzu abin da aka yi daren Asabar yana ci mini rai. Duk wanda ke wurin ya ji da kunnensa, yaron unguwarmu ne ya tashi kan jama'a, ihu har titi ake jin sa. Amma alƙalai uku suka zauna, biyu suka ba yaron unguwar Talaje, a nan Yamai. Ni a ganina klash, wato karawar baki tsakanin mawaƙan rap biyu, na 'yan kallo ne. Wanda aka fi yi wa ihu shi ya ci, magana ta ƙare.

'Yar Wadata: Wa alaikumus salam. Yaya, ina layin gaba, kusa da lasifika. A turmi na uku yaronku ya kakare. Ya riƙe mikro, bakinsa na motsi ba abin da ke fita, har ya juya yana kallon abokinsa ko zai tuna masa. Da ya dawo, baitin turmin farko ya maimaita. Ihun da kuka yi a lokacin na rufa masa asiri ne. Na tausaya masa ƙwarai, amma ya faɗi.

Ɗan Bukoki: Ƙanwata, turmi biyun farko fa? Ko su ma ba ki gani ba?

'Yar Wadata: Na farko nasa ne, ban musa ba. Na biyu ne abin gardama.

Ɗalibin Harobanda: Yaya, ku yi haƙuri in sa baki. Kuɗin ƙofa jika ɗaya ne. Wanda ya iya ciko motoci biyu da abokansa ya sayi ihu ke nan tun kafin a fara. Ɗan Talaje da mutum biyar ya zo. In da ihu za a auna, yaron da ba shi da jama'a ba zai taɓa cin komai ba a Yamai, komai kaifin bakinsa.

Kawu na Tawa: 'Ya'yana, ni ba ma'abocin rap ba ne, jikana ne ya nuna mini bidiyon a waya, na kuma kalla sau biyu. Amma na san fage. A garinmu Tawa aka fara kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, a 1975, kuma tun ina yaro nake zuwa kallo. Ɗan gida kullum ya fi samun kiɗa da guɗa, sai dai in ya sha ƙasa ya sha, guɗa ba ta tayar da shi. Matsalarku ita ce a wasanku ba a ganin ƙasar da ake faɗawa, sai an sa kunne. Abin da na ji a turmi na biyu shi ne wannan: yaron Bukoki zambo ya yi, ya kama takalmin abokin karawarsa da ya tsinke, ya yi ta yi masa dariya. Ɗan Talaje bai zo da amsar daga gida ba, don bai san za a taɓo takalmin ba. Nan take ya cire shi, ya ɗaga sama, ya ce da shi yake tallan ruwa a kasuwar Katako yana ciyar da mahaifiyarsa, sannan ya tambayi wancan wa ya saya masa nasa. Bai zage shi ba. Habaici ne, irin wanda makaɗan fada ke yi, mai shi ya ji a jikinsa ba a kira sunansa ba. Wurin ya ɗan yi tsit kafin a yi tafi. Wannan tsit ɗin ne ma'aunin ihu ba ya iya kamawa.

Ɗan Bukoki: Kawu, Allah ya ƙara girma. Na yarda amsar takalmin ta yi nauyi. Amma ga inda nake ganin zalunci: yaronmu ya yi baiti huɗu da Zabarmanci a wannan turmin, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Ɗaya daga cikin alƙalan ba ya jin Zabarmanci, da bakinsa ya faɗa bayan an tashi. To da me ya auna?

Ɗalibin Harobanda: Nan kam kana da gaskiya, Yaya. Rap ɗin Nijar tun zamanin ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia cakuɗe yake da Hausa, Zabarmanci da Faransanci. Ko da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, bakin 'yan Yamai bai daina haɗa ukun ba. Alƙalin da ba ya jin ɗaya bai cancanci kujerar ba. Amma gyaran shi ne a sauya alƙali, ba a miƙa hukunci ga ihu ba.

'Yar Wadata: Ni ina jin Zabarmanci, mahaifiyata Bazabarma ce. Biyu daga cikin baitocin sun yi kyau sosai. Sauran biyun zagin uwa ne tsagwaronsa, shi ya sa samari suka haukace da ihu. Muna da wasan taubasai, wanda UNESCO ta amince da shi a 2014, ana tsokana mai zafi a ciki amma akwai iyaka. Da ni ce alƙali, waɗannan biyun rage masa maki zan yi.

Ɗan Bukoki: Ba a faɗa musu kafin a fara cewa zagi na rage maki ba. Ba a kafa doka bayan an gama wasa.

Kawu na Tawa: Wannan ma gaskiya ne, ɗana. Laifin masu shirya gasar ne. Su karanta ƙa'ida a gaban kowa, kowane alƙali kuma ya tashi ya faɗi dalilinsa turmi bayan turmi. Amma ko an ba yaronku na biyun, shirun da ya yi a na uku yana nan.

Ɗan Bukoki: In an ba shi na biyu ai biyu da ɗaya ke nan, Kawu, ya ci. 'Yar Wadata, turo mini bidiyon turmi na biyu cikakke, ki rubuto mini fassarar baitocin huɗu. Zan kai wa alƙalin da kaina.

'Yar Wadata: Biyu zan fassara, Yaya. Sauran ba za su fita daga bakina ba.