Zuwa Yawunde kallon wasan ƙarshe: wa ya san hanya da batun tikiti?

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada (20 ga Janairu, 2022)

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya san Kamaru ciki da bai. Mu tara ne a nan Tudun Wadan Zariya, duk 'yan majalisar gidan kallona. Tun bayan babbar Sallah muke zuba adashi da niyyar in Allah ya kai Super Eagles wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka da ake yi a Kamaru, to a cikin fili za mu kalla, ba a kan benci ba. Ga shi yaran koci Eguavoen sun lashe wasa uku a jere a Garwa: Masar 1-0, Sudan 3-1, jiya kuma Guinea-Bissau 2-0, har ɗan Kaduna Umar Sadiq ya zura tasa. Babu ƙasar da ta haɗa maki 9 sai mu. Tun daren jiya wayata ba ta huta ba, kowa na tambayar yaushe za a tashi.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi ne, 6 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na dare, a filin Olembe da ke Yawunde. Jirgin sama mun cire shi daga lissafi. Ban da kuɗin kujera, sai ka yi gwajin korona na PCR kafin ka tashi, ka sake yi kafin ka dawo, ka kuma biya na bayan sauka, kowane ɗaya wajen naira dubu 40 zuwa 50. Kuɗin gwajin kaɗai sai ya cinye adashin. Saboda haka mota za mu bi. Amma ta ina? Wasu sun ce ta Yola, wani abokina ɗan kasuwar Sabon Gari ya ce Mfum ce iyakar da aka buɗe a hukumance, mu bi ta Kuros Riba.

Sai tikiti. Akwai wani yaro a Facebook da ya ce yana da su a hannu, mu tura kuɗi ya ajiye mana. Ya turo hoton tikitin ma. Hankalina bai kwanta da shi ba, amma ina tsoron mu yi wannan doguwar tafiya mu tarar sun ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba mai shayi, dattijon tafiyar tamu, wanda ya kalli kofin 1980 a talabijin mai baƙi da fari kuma har yau bai daina ba mu labarin Odegbami ba. Bai yi allurar korona ba, ko ɗaya. An ce masa akwai mai samo kati ba tare da an tsira masa allura ba, shi kuma ya fara karkata can. Mutum biyu kuma ba su da fasfo, sai katin ɗan ƙasa da na zaɓe. Don Allah wanda ya sani ya fitar da mu.

Ɗan Sabon Gari a Garwa (21 ga Janairu)

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni tun wasan Masar nake Garwa, a gidan wani ubangidana da muke harkar atamfa tare, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ka manta da Mfum. Abokinka bai yi ƙarya ba, tana cikin iyakoki huɗu da gwamnati ta buɗe a Disambar 2020 tare da Seme da Illela da Maigatari. Amma bai gaya maka inda take sauke mutum ba. Kana tsallakawa ka faɗa yankin masu jin Turanci, wajen Mamfe, inda tun 2017 ake ba-ta-kashi tsakanin sojoji da 'yan aware. Ranar Litinin a can ba mota ba kasuwa. Ba wurin da za ka shiga da dattijo da tutar Najeriya ba ne.

Ku bi ta gida. Ku fita Zariya da asuba ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, sai Bauchi, Gombe, Numan, ku kwana Jimeta. Kada ku yarda direba ya ce zai haɗa da dare. Washegari ku nemi motar Belel, daga can ku gangaro Garwa. Hanyar ba nisa gare ta ba, ƙura ce da ramuka da yawan tsayawa, ga hunturu, sai ku zo da rawani ko takunkumi biyu. Garwa kam gida ce: Fulatanci ne ya fi yawa, amma da Hausa za ka ci ka sha ka yi ciniki. Daga nan bas zuwa Ngaundare, kusan kilomita 280, sai jirgin ƙasan Camrail da ke tashi da daddare ya kwana yana tafiya, sama da kilomita 600, ya sauke ku Yawunde da safe. Kuna isa Ngaundare tashar jirgin za ku fara nufa kafin abinci, domin a wannan lokacin kujeru ba sa jiran kowa.

Maganar mutum biyun nan marasa fasfo, Alhaji ka yi haƙuri, ni ban ba da shawarar su zo ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza in dai bai wuce kwana 90 ba, amma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ba kamar shiga Maraɗi ba ne. Wataƙila su lallaɓa su iso Garwa, mutanen Adamawa da yawa haka suka shigo kallo. Matsalar tana gaba. Daga Garwa zuwa kudu shingen jandarma ne bayan shinge, kowanne sai an sauko an nuna takarda, kuma da Faransanci za a yi maka tambaya. Mai fasfo da hatimin shiga minti biyu ya koma mota. Marar shi zai tsayar da bas guda, fasinjoji su yi ta harararsa, ƙarshe aljihunsa ya ji a jikinsa ko a sauke masa jaka. Kowa kuma ya riƙe katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, shi suna tambayarsa tun kafin a san da wata korona.

Kuɗi ku canza a Jimeta, yanzu sefa da naira kusan kunnen doki ne a wajen 'yan canji. Ku dai tabbatar sefar Kamaru aka ba ku, ta Nijar ba ta ci a nan.

Yaron Facebook kuwa ka toshe shi. Ni a rumfar da masu shirya gasar suka kafa na sayi nawa, sefa 3,000 kujerar talaka a wasannin rukuni, kuma mafi tsada a duk gasar 20,000 ne. Wanda bai ma san ƙasashen da za su buga ba yana sayar maka da hoto.

Ma'aikaciyar Lafiya, Samaru (21 ga Janairu)

Yaya, ni ba ruwana da ƙwallo, mijina ne ya nuna min saboda maganar Baba. Ku zauna ku yi lissafin kwanaki, domin shi ne zai raba gardama.

Sharaɗin shiga fili da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da gwamnatin Kamaru suka sa biyu ne, kuma duka ake so: cikakkiyar allura, da sakamakon gwaji mai nuna ba ka ɗauke da cutar, PCR da bai wuce awa 72 ba ko gwajin gaggawa da bai wuce awa 24 ba. Daga yau zuwa 6 ga Fabrairu kwana 16 ne. In Baba ya karɓi AstraZeneca, ta biyu sai bayan aƙalla mako shida. Moderna mako huɗu, Pfizer mako uku. Babu wadda za ta cika kafin ranar. Johnson & Johnson ce kaɗai ake yi sau ɗaya, kuma ita ma jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin ta kama. Ke nan in da gaske yake, yau ko gobe ya kamata ya je. Kyauta ce. Ku kai shi cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa, ku faɗa musu sarai cewa mai sau ɗaya kuke nema, in ba su da ita za su gaya muku inda take.

Katin bogi kuwa, ku rufa wa Baba asiri. Katin gaskiya yana da lambar da ake ɗora waya a kai sunan mutum ya fito daga rumbun hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA. Na bogi ko dai bai buɗe komai ba, ko ya fito da sunan wata mata a wata jiha. A ƙasar mutane, a gaban jami'in da ba ku jin yarensa, me za ku ce? Ban da haka, dattijo ne zai kwana a jirgin ƙasa cike da jama'a a tsakiyar yaɗuwar nau'in korona na Omicron. Allurar don ƙirjinsa ce kafin ta zama don mai gadin ƙofa.

Kada kuma ku ɓata kuɗi ku yi gwaji a Zariya don shiga fili. Tafiyarku kwana uku ce zuwa huɗu, kafin ku ga Yawunde takardar ta mutu. Gwajin filin a can za ku yi shi, ranar Asabar da dare ko Lahadi da safe. Ku kuma yanke shawara tun yanzu abin da za ku yi in na mutum ɗaya ya nuna yana da ita, domin mutum kan ɗauke ta bai ko yi tari ba.

Ɗan Kwangila (22 ga Janairu)

Alhaji mai gidan kallo, kai da za ka tara kuɗi daren wasan ƙarshe kai ne za ka rufe shago ka tafi? Wa zai tayar mana da janareta?

Ni dai ku bari a wuce Tunisiya gobe tukuna. An ce korona ta kwantar musu da 'yan wasa har da kocinsu, amma mutanen nan ko su bakwai suka rage sun iya tare gida. In ma an kai ƙarshen, ku yi addu'a kada Kamaru ce. Sau uku tana karɓe mana kofi a wasan ƙarshe, 1984 da 1988 da 2000, na 2000 ma a Legas, a gabanmu, da fanareti. Ku tambayi Baba, ya fi ni sanin zafin.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada (25 ga Janairu)

Ɗan Kwangila, bakinka da kaifi. Shekaranjiya Msakni na Tunisiya ya ɗaɗa mana ƙwallo a raga daga nesa ana dawowa hutun rabin lokaci, aka ba Iwobi jan kati minti kaɗan da shigowarsa, shi ke nan aka tattara mu. Gidan kallona ya watse ko sallama babu.

Ana cikin wannan kuma sai ga labarin jiya a Olembe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 8 sun rasu a turmutsitsin ƙofar shiga wasan Kamaru da Komoros, wasu da dama suna asibiti, har da yara. Filin da muke ta mafarkin shiga ke nan. Uwargidana ta ce in na sa ƙafa a motar Yola in tarar da ita a gidansu.

Biyar sun janye, ciki har da marasa fasfon, an mayar musu da zubinsu. Mu huɗu muna nan muna jujjuya abin. Abin mamaki Baba ne ya fi kowa tsayawa. Hajiya ta Samaru, Allah ya saka da alheri, ranar Asabar muka kai shi aka yi masa mai sau ɗayan, ya kwana da ɗan zazzaɓi, ya tashi yana cewa tunda an huda masa dantse sai ya ga Mane ko Salah da idonsa, ko da Najeriya ko babu. Akwai wanda ke Yawunde ya gaya mana halin da ake ciki?

Bazazzagin Briketeri (26 ga Janairu)

Sannu Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kakana daga cikin birnin Zazzau ya zo nan fatauci, mu a unguwar Briketeri aka haife mu, unguwar Hausawan Yawunde. In kun zo ba ku da matsalar masauki ko masallaci ko tsire.

Abin da ya faru ranar Litinin ba filin ne ya cika ba. Olembe na ɗaukar mutum 60,000, kuma saboda korona kashi 80 cikin ɗari aka yarda a wasan Kamaru, kashi 60 a sauran. A waje abin ya auku. A makon farko filaye sun kasance wayam, domin mutanenmu da yawa ba su yi allura ba, sai gwamnati ta rage lokacin aiki da na makaranta don a je kallo, masu hali kuma suka riƙa raba tikiti kyauta. Ranar wasan jama'a suka taso gab da farawa, ga binciken tikiti ga na takardar lafiya, aka taru a ƙofa ɗaya da ke rufe, na baya suna turo na gaba. Shugaban CAF Patrice Motsepe da bakinsa ya ce da ƙofar a buɗe take da mutane sun wuce. Yanzu an ɗauke wasan kwata-fainal da za a yi a can an mayar filin Ahmadou Ahidjo, sai an ga rahoton bincike kafin a sake buɗe shi.

In kun ƙudura zuwa, ku iso ranar Juma'a. Kada ku jira a san wanda zai buga kafin ku nemi tikiti: in Kamaru ta kai, kujeru za su ƙaru zuwa 48,000 amma duk ƙasar ce za ta nema, in ba ta kai ba 36,000 ne kuma za ku samu cikin sauƙi. Zan iya bin layi in saya muku ranar da aka fara sayarwa, ku biya ni in kun iso, ba na son a turo min ko sisi. Gwajin gaggawa akwai tantunan ma'aikatan lafiya, minti kaɗan ne. Ranar wasan ku yi azahar ku kama hanya, Olembe a bayan gari yake ta arewa, kuma ana tare motoci tun daga nesa, Baba zai taka da ƙafa. Gara ku zauna awa biyar a kujera da ku iso tare da ayari.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada (31 ga Janairu)

Jama'a na gode. Tunda CAF ta amince a mayar da wasan Kamaru da Masar na ranar Alhamis da kuma na ƙarshe Olembe, mun tsayar da magana. Mu uku ne: ni da Baba da ƙanena mai gyaran waya a unguwar PZ, shi ne ya ɗan yi Faransanci a sakandare. Na huɗun ya duba fasfonsa ya tarar ya mutu tun Nuwamba, sabuntawa kuma mako uku ne in an yi sauri.

Gobe Talata da asuba za mu tashi, mu kwana Jimeta, Laraba Garwa, Alhamis da dare jirgin ƙasa. Mun yi yarjejeniya in gwajin ɗayanmu ya nuna cutar, shi zai zauna a masauki, sauran su shiga, kuma ba fushi. Uwargida ta sauko bayan surukina ya sa baki, da sharaɗin in kira ta da zarar mun zauna a kujera.

Ɗan uwa na Briketeri, ka saya mana uku, masu matsakaicin kuɗi, kusa da ƙofar fita in da hali. Ɗan Sabon Gari, ka jira mu Laraba da yamma. Ɗan Kwangila, makullin janareta na wajen yarona, kujera naira ɗari ce ranar Lahadi kuma na gaya masa kada ya ba ka bashi.