Muhawara: Shin ciwon dasashi ne yake jawo gigin tsufa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Shekara uku dasashin Babanmu yana zubar da jini, haƙoransa suna girgiɗi, amma duk inda muka kai shi sai a ba shi maganin kashe zafi a sallame mu. Yanzu ya shiga gigin tsufa, har jikokinsa ba ya ganewa. Na karanta cewa a 2019 masu bincike sun sami ƙwayar cutar dasashi mai suna Porphyromonas gingivalis a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, saboda haka sakacin likitoci nake zargi.

Wani dattijo: Allah ya ba shi lafiya. Sai dai, ɗana, bai dace ka ce mahaifinka yana gigi a bainar jama'a ba. Ka ce mantuwa ce take damunsa.

Mai buɗe zance: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ai haka Hausawa suke kiran wannan larura tun kafin a haife ni.

Wata malama: Mantuwa kowa yana yi, Baba. Ɓoye sunan ciwo ne yake sa a bar tsoho a ɗaki ana cewa sammu aka yi masa.

Dattijon: Malama, a gidan da aka san kunya ba a faɗin haka.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni kalmar sakaci ce ta tsaya mini. Samun ƙwayar a ƙwaƙwalwa bai tabbatar da ita ce ta haddasa cutar ba, kuma maganin da aka haɗa don daƙile gubarta bai cim ma abin da aka nema ba a gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2021. Bugu da ƙari, wanda tunaninsa ya fara rauni yakan daina wanke baki, ta yiwu larurar ce ta riga ciwon dasashin.

Wani matashi: Anti, abokan aikinki kawai kike karewa. Kakanninmu da suka riƙe asuwaki ba su san ciwon dasashi ba.

Ma'aikaciyar jinyar: Sun san shi, ƙanena, giɓin bakinsu shaida ne.

Mai kula da zaure: Abin da na fahimta shi ne ba mu daidaita da Baba a kan ko kalmar gigi ta dace da mahaifi ba, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe fa'idar asuwaki. Na rufe muhawarar a nan.